Tsakanin ganuwa da bakin kogi: yadda mai kyamara zai raba yininsa

Wani ɗan'uwa ya rubuto yana cewa: "Zan yi kwana goma a Birtaniya cikin watan Oktoba. Ina so in ɗauki hotunan tsofaffin fadoji masu ganuwa, da kuma tsuntsaye da namun daji a gandayen da ke bakin kogi. Kyamarata ƙarama ce, ina da lensi biyu, mai milimita 18 zuwa 55 da mai 70 zuwa 300. Sun isa ko in sayi babba? Kuma ta ina zan fara?"

Malam, sun isa, ajiye kuɗinka. Na ga masu ɗauke da lensi kamar tulu sun koma gida da hoton reshen da tsuntsu ya tashi ya bari, na kuma ga masu irin kayanka sun dawo da abin ratayawa a bango. Wahalar da ke gabanka ta lokaci ce. Ayyukan nan biyu da ka haɗa halinsu ya saɓa. Ganuwa tana nan inda aka dasa ta shekara ɗari bakwai da suka wuce, kai ne za ka yi ta zagaya ta har ka gano fuskar da ta fi kyau. Tsuntsu kuwa sai ka zauna, ka kame, shi ya ga dama ya zo. Ga shi kuma duka biyun haske ɗaya suke so, na fitowar rana da na faɗuwarta. Idan fada tana gabas, gandu yana tafiyar awa biyu yamma, to a mota za ka ƙarar da hasken nan mai daraja. Don haka shawarata ta farko ita ce ka zaɓi wuraren da ganuwa da ruwa suke maƙwabtaka. Kuma suna da yawa, domin waɗanda suka gina fadojin nan da gangan suka dasa su a bakin kogi, don su tsare mashigi, su kuma samu abinci da makamai ta jirgin ruwa idan an yi musu ƙawanya.

Da ni ne, da Conwy zan fara, a arewacin Wales. Sarki Edward na Ɗaya ne ya gina fadar tsakanin 1283 da 1287, hasumiyoyi takwas a kan dutse, daidai inda kogin Conwy ke shiga teku. A ɗaya gaɓar, ɗan kudu kaɗan, akwai gandun tsuntsaye na RSPB, ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya. Tarihin gandun da ban sha'awa: lokacin da aka haƙa ramin mota a ƙarƙashin kogin a ƙarshen shekarun 1980, a nan aka jibge lakar da aka kwaso, daga baya aka mayar da jujin tafkuna da ciyayi. Abin da ya shafe ka shi ne, daga wannan gaɓar da safe rana tana bayanka, haskenta na dukan fuskar fadar, tsaunuka na tsaye a bayanta, tsuntsaye kuma suna kiwo a taɓon da ke gabanka. Wuri ɗaya, tsayuwa ɗaya, abu uku.

Na biyu shi ne Caerlaverock, a kudu maso yammacin Sukotlan, kusa da inda kogin Nith ke zuba a mashigin Solway. Fadar mai kusurwa uku ce, abin da ba a cika gani ba, an gina ta da jan dutse a ƙarni na 13, gwalalo cike da ruwa ya kewaye ta. Wannan Edward ɗin dai ya yi mata ƙawanya a 1300. Watan da za ka je ya faɗo daidai, domin daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoba dinyoyi masu farar fuska da baƙin wuya ke isowa daga tsibiran Svalbard, can kusa da ƙurewar arewacin duniya, su yi hunturu a fadamun Solway har zuwa Afrilu. Dubbai ne. Suna kwana a kan yashi da taɓon mashigin, gari na wayewa su tashi garke-garke zuwa gonaki, da ihu irin na ƙananan karnuka. Murar tsuntsaye ta yi musu mummunar ɓarna a hunturun 2021 zuwa 2022, saboda haka idan ka ga mataccen tsuntsu kada ka taɓa shi.

Sauran zan ratsa su da sauri. Arundel a kudancin Ingila: fada a kan tudu sama da kogin Arun, tushenta tun zamanin da Normawa suka ci ƙasar, ko da yake yawancin abin da ido ke gani yau an sake gina shi ne a ƙarni na 19, kuma a gindinta akwai gandun fadama na WWT, ƙungiyar kare fadamu da tsuntsayen ruwa da masanin tsuntsaye Peter Scott ya kafa a 1946. Ita wannan fadar ana rufe ta da hunturu, sai ka duba ranakun buɗewa kafin ka kama hanya. Cilgerran a yammacin Wales: hasumiyoyi biyu masu kauri a kan kwazazzabon kogin Teifi, ƙasa kaɗan kuma fadamar Teifi, inda mai sa'a kan ga karen ruwa. Sai Chepstow, wadda aka fara ginawa a 1067 a kan gaɓar dutse sama da kogin Wye. Kada ka ce sai ka taka duka. A kwana goma, wuri uku sun ishe ka, kowanne ka ba shi safiya biyu a ƙalla, domin safiyar farko ta koyo ce.

Chepstow ce ta koya mini darasin da nake so ka riƙe fiye da kowane lissafin kyamara. Na isa da sassafe, na shirya ɗaukar fadar da inuwarta a cikin ruwa, sai na tarar da kogin ya janye, babu komai sai gangaren taɓo ruwan toka mai tsayin bene. Laifina ne, ban duba jadawalin cikar teku ba. Ƙarshen kogunan nan duk teku ke juya su. Sau biyu a yini ruwa ke cika ya janye, tsakanin cika da cika awa 12 da minti 25, shi ya sa kowace rana lokacin ke matsawa da kusan minti 50. A yankin Severn da Wye bambancin cika da janyewa yana daga cikin mafi girma a duniya, yakan haura mita 12. Cika mafi ƙarfi tana zuwa ne kwana ɗaya ko biyu bayan tsayuwar wata da kuma bayan cikarsa, wato kusan kowane mako biyu.

Wannan jadawalin yana yi maka aiki biyu. Ga fada, cikakken ruwa ne ke ba ka madubi. Ga tsuntsaye kuwa, lokacin da ruwa ke hawowa shi ne kasuwarka. Idan teku ya janye, masu dogayen ƙafafu da dogayen baki suna can nesa a bakin ruwa, ko da lensin 600 ɗigo-ɗigo za ka gan su. Da ruwa ya fara dawowa sai ya riƙa koro su zuwa gaɓa sannu a hankali. Ka zauna awa biyu kafin cika, ka bar teku ya yi maka kora. Wannan dabarar ita ce ke mayar da lensinka na 300 ya zama wadatacce. Gargaɗi ɗaya: kada ka kuskura ka taka taɓon ko yashin mashigi. A Solway ruwa yana shigowa da saurin da ke rutsa mutane, ga kuma yashi mai haɗiye ƙafa.

To yaya za ka raba yinin? A tsakiyar Oktoba rana tana fitowa wajen bakwai da rabi, ta faɗi wajen shida da kwata na yamma, kuma a Lahadin ƙarshe ta watan ana mayar da agogo baya da awa ɗaya. Ka gode wa Allah da ba Yuni ka zaɓa ba, lokacin da rana ke fitowa kafin ƙarfe biyar. Yawancin fadojin ba a buɗe ƙofarsu sai wajen tara da rabi ko goma, lokacin hasken safiya ya riga ya tsufa. Wannan bai dame ka ba, domin hoton fada mai kyau daga waje ake ɗaukarsa, daga ƙetaren kogi ko kan gada ko hanyar ƙafa ta jama'a. Saboda haka asuba ta tsuntsaye ce da fada daga nesa. Hantsi zuwa azahar ka shiga ciki, lokacin da tsuntsaye suka lafa kuma rana ta yi sama tana leƙa tsakar fadar. La'asar sakaliya ka koma bakin ruwa. Idan jadawalin teku ya saɓa wa wannan tsari, bi teku. Wasu gandayen ma suna da lokacin buɗe ƙofa, sai ka duba ko akwai hanyar jama'a da ke bin gaɓar, wadda ba ta da ƙofa.

Game da ɗaukar ginin kansa, kuskuren da kowa ke yi ɗaya ne: ya tsaya a gindin hasumiya, ya buɗe lensi zuwa 18, ya ɗaga kyamara sama. Sakamakon shi ne bango ya riƙa tsukewa yana kwantawa baya kamar zai faɗi. Maganinsa ƙafa. Ja da baya, ka yi nisa, ka riƙe kyamara a miƙe ba tare da ɗaga bakinta ba, ka ɗauka da 35 ko 50, ko ma ka ɗora dogon lensin nan ka ɗauka da 100 daga ƙetaren ruwa. Dogon lensi daga nesa yana sa tsaunin da ke baya ya matso ya yi wa fadar rumfa, kuma layukan bango su tsaya cak. Ƙofar haske ka bar ta a f/8 ko f/11, ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, a 100 ko 200, ka ɗora a kan matokarin kyamara mai ƙafa uku ko ka jingina da katanga idan haske ya yi ƙasa.

Dutse yana son hasken da ke zuwa daga gefe. Idan rana ta doke shi gaba da gaba sai ya zama shafaffe kamar kwali, amma idan ta goge shi daga gefe, kowane tsagi da kowane sawun kurfi zai fito. Jan dutsen Caerlaverock da yamma kamar garwashi yake. Ranar da hadari ya rufe sama kuwa, kuma za ka sami irinta da yawa, daina neman faɗin sama a hotonka. Shiga ciki ka nemi ƙananan abubuwa: matakala mai murɗawa da sawun ƙafa ya cinye tsakiyarta, siririyar tagar harbin kibiya da kogi ke leƙowa ta cikinta, gansakuka a kan bango, ragowar murhu a hawa na uku da daɓensa ya rufta tun tuni. A irin hoton taga, auna hasken da abin da ke waje, ka bar bangon ya yi duhu ya zame maka firam. Ka ɗauka a tsarin RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta sarrafa ba, don ka iya farfaɗo da inuwar daga baya. Inuwar fada a ruwa kuma sai da iska kwance, galibi minti talatin na farkon safiya. Idan kana da gilashin nan mai kashe ƙyalli da ake murɗawa a bakin lensi, ka lura: yana ƙara wa sama da ganye launi, amma yana iya goge inuwar da ka zo dominta. Murɗa shi kana kallo.

Yanzu tsuntsaye, inda aikin yake. Ƙaramar kyamara irin taka tana da wata riba: ma'ajiyar haskenta ƙarama ce, don haka 300 ɗinka yana ganin abin da 450 ko 480 ke gani a babbar kyamara. Rauninsa shi ne a ƙarshen tsawonsa ƙofar haske ba ta wuce f/5.6 ko f/6.3, kuma yawancin irinsa sun fi kaifi idan ka ɗan tsuke zuwa f/8. Ma'ana za ka yi ƙishin haske. Kada ka ji tsoron ɗaga ISO zuwa 1600 ko 3200. Hoto mai ɗan tsaki-tsaki ana gyara shi, wanda ya girgiza kuwa sai kwandon shara.

Saurin ƙyaftawar kyamara shi ne kan gaba. Zalɓe da ke tsaye kamar gunki yana dakon kifi, 1/500 na daƙiƙa ta ishe shi. Agwagwa mai iyo ko tsuntsu mai tafiya yana caccakar taɓo, 1/1000. Dinya a sama, 1/1600 zuwa 1/2000. Shuɗin tsuntsun nan mai kamun kifi da ake kira kinfisha, wanda tsawonsa bai wuce santimita 17 ba, idan kana son daskarar da shi yana faɗawa ruwa sai 1/3200 ko fiye, kuma gaskiya da kayanka ka fi dacewa ka nemi hotonsa a zaune. Yana da reshen da ya saba sauka, yana kuma yin wani siririn fito kafin ya iso. Idan ka ga ya sauka a wani reshe sau ɗaya, saita a wurin ka jira, zai dawo. Sanya kyamara a saitin da ke bin abu mai motsi, ka ɗora ɗigon saiti a kan ido. Idan ido ya fito da kaifi, mai kallo zai yafe maka sauran.

Akwai tarkon da fararen tsuntsaye ke ɗana wa sabon hannu. Farin tsuntsu a kan ruwa mai duhu yana ruɗar kyamara, ta ga duhu ya yi yawa ta ƙara haske, gashin ya ƙone ya zama fari fat babu zane. Rage haske da mataki ɗaya, ka kunna alamar da ke ƙyafta maka inda ya ƙone. Tsuntsu a sararin sama mai fari kuma akasin haka ne, sai ka ƙara mataki ɗaya ko fiye, in ba haka ba ka samu baƙar inuwa mai fiffike. Za ka ga wata ƙaramar farar balbelar ruwa mai baƙin baki da rawayan yatsu a kusan kowane mashigi. Ba ta fara yin sheƙa a Birtaniya ba sai 1996, yanzu ta zama 'yar gida. Ita kanta RSPB an kafa ta ne a 1889 don yaƙi da kashe irin waɗannan tsuntsayen saboda gashin ado na hulunan mata.

Gandayen suna da bukkokin katako masu siraran tagogi, inda mutum ke zama ya leƙa ba tare da an gan shi ba. Suna da amfani, suna kuma da aibi: yawancinsu a ɗage suke, sai ka riƙa ɗaukar tsuntsu daga sama, hoton ya fito kamar na mai ƙidaya. Hoton da ke kama zuciya shi ne wanda aka ɗauka daidai tsayin idon tsuntsun, bayansa ya narke. Don haka a bukka zaɓi tsuntsun da ya ɗan yi nisa a kan wanda ke ƙarƙashin taga, a hanyar gaɓa kuma durƙusa ko ka kwanta inda aka yarda. Mai ƙafa uku ba ta da daɗi a bukka, tana tare hanya, kuma duk wanda ya taka daɓen katakon sai ta girgiza. Ƙaramin buhu cike da tsaba ko hularka a naɗe a kan dakalin taga ya fi. Kada ka zuro lensi waje ta taga, kada ka nuna da hannu, ka kashe ƙarar kyamara, ka rufe ƙofa a hankali. Tsofaffin da za ka tarar a ciki da madubin hangen nesa sun san kowane reshe. Gaishe su da murya ƙasa-ƙasa ka tambayi abin da aka gani yau, za su nuna maka abin da da kanka sai ka yi mako ba ka gano ba.

Karen ruwa kada ka sa shi a lissafi. Idan ya zo, kyauta ce. Alamarsa ita ce agwagi su watse ba dalili, ko ka ga layin kumfa yana tafiya a kan ruwa. Idonsa ba shi da ƙarfi sosai amma hancinsa da kunnensa suna aiki, saboda haka ka sa iska tana busowa daga wajensa zuwa gare ka, ka motsa kawai lokacin da ya nutse.

Sai doka, domin a can ba wasa ake da ita ba. Dokar kare namun daji ta 1981 ta ware wasu tsuntsaye, ciki har da kinfisha da shahon nan mai kamun kifi, waɗanda laifi ne a dame su a sheƙa ko kusa da ita lokacin kiwon 'ya'ya, kuma ɗaukar su hoto a wurin sai da lasisi. Oktoba ba lokacin sheƙa ba ne, amma ladabin bai canza ba. Tsuntsun da ya yi tafiyar dubban kilomita yana buƙatar kowace loma, duk tashin da ka sa ya yi asara ce gare shi. Idan ya ɗaga kai ya daina ci yana kallonka, ka matso da yawa, tsaya ko ka ja baya. Kada ka kunna kukan tsuntsu a waya don ka jawo shi. Ƙaramin jirgin ɗaukar hoto kuma bar shi a gida: hukumomin da ke kula da yawancin fadojin ba su yarda a tashe shi a harabarsu ba sai da izini, gandayen tsuntsaye ma haka, kuma garken dinya yana ɗaukarsa shaho ne. A cikin fadojin da har yanzu ake zaune a ciki ana iya hana ɗaukar hoto a wasu ɗakuna, sai ka karanta allon ƙofa.

Kayan da zan ce ka ƙara ba su da yawa: batir na biyu, domin sanyi na shanye shi, ka ajiye shi a aljihun ciki kusa da jiki, katin ajiya na ƙari, ƙyallen goge gilashi, rigar ruwa mai launin ƙasa wadda ba ta ƙara idan ka motsa, takalmi mai riƙe ƙasa, don matakalan dutse idan sun jiƙe santsi gare su. Idan ka fito daga sanyi za ka shiga ɗaki mai ɗumi, bar kyamara a cikin jaka a rufe na rabin awa, in ba haka ba raɓa ta kwanta a cikin lensi. Kuma ka guji sauya lensi a bakin teku iska na kaɗawa. Fita da dogon a ɗaure, domin fada za ta jira ka ka sauya, tsuntsu ba zai jira ba.

Hoton da nake so ka gwada, wanda ya haɗa sha'awarka biyu, ga yadda ake yinsa. Tsaya a gaɓar gandun Conwy da safe ruwa na hawowa. Sa lensi a wajen 135 zuwa 200, f/8, ƙyaftawa 1/1600, ka tsara fadar a sama ta gefe ɗaya, ka bar fili a gabanta. Sannan ka daina bin tsuntsaye da kyamara, riƙe tsarin yadda yake ka jira. Ruwa zai taso garke, kuma ko ba jima ko ba daɗe wasu za su ratsa ta cikin filin da ka bari. Saita a kan tsuntsayen, fadar ta ɗan yi laushi a baya, siffar hasumiyoyinta takwas ba ta ɓacewa. Idan garken bai zo ba, juya ga hasumiyoyin kansu da 300: ƙananan hankakin nan masu tokar ƙeya suna zama a ramukan bangon, kuma da yamma sukan yi ta shawagi a kansu kafin su kwanta.